Zan kai 'yan aji shida birnin Kano, ina da ina ya kamata su gani?

Malamin Aji Shida, bayan Gujungu:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ni malamin firamare ne a wani ƙauye bayan Gujungu a jihar Jigawa, shekarata 11 ina riƙe da aji shida. Shawara nake nema wurin wanda ya taka birnin Kano da ƙafarsa ya san lungunansa.

Abin da ya tayar da maganar, makonni uku da suka wuce ina koyar da darasin sana'o'i, sai muka zo kan jima. Wani yaro ɗan gidan mahauta ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, fatun da ake barbaɗa wa gishiri a gidanmu, mai babur ya zo ya kwashe ranar Lahadi, ina ake kai su?" Na ce Kano. Ya ce, "A yi me da su?" Na ce a jeme su, a yi takalma da jakunkuna. Ya ɗan yi shiru, sannan ya ce, "Malam, ka taɓa gani?" Na gaya masa gaskiya, ban taɓa gani ba. Maganar nan ta kwana a raina.

Washegari na tambayi ajin, wa ya taɓa shiga birni? Cikin yara 34, bakwai ne suka ɗaga hannu, biyar daga ciki ma asibiti ne ya kai su, ko jinya ko dubiya. Ga shi kullum ina rubuta musu a allo: Bagauda 999, Muhammadu Rumfa 1463 zuwa 1499, Turawa sun ci Kano 1903. Suna haddacewa tsaf, su zuba mini a jarrabawa, amma a wurinsu duk ɗaya ne da tatsuniyar gizo da ƙoƙi. Kuma iyayensu ne ke noma riɗi da zoɓorodo da gyaɗar da ake lodawa zuwa can. Yaro ya ga buhu ya hau mota, daga nan labari ya ƙare masa.

Na kai wa hedimasta maganar, ya amince. Mun zauna da iyaye a ƙofar gidan mai gari, kowa ya kawo abin da ya sawwaƙa, wani kuɗi, wani kwanon gero a sayar. Abin da aka tara zai ɗauki bas biyu zuwa da dawowa, da ɗan abin taɓawa na rana. Iyayen 'yan mata sun sa sharaɗi ɗaya: a dawo da su kafin magariba. Ke nan yini ɗaya gare mu, daga sallar asuba zuwa faɗuwar rana.

To ga tambayata. Gidajen tarihin da ke birni, wanne ya fi dacewa da yaro ɗan shekara 12? Akwai masana'antar da za a bar mu mu leƙa, musamman ta fata, don in sauke nauyin yaron nan? Sannan yaya zan jera wuraren don kada cunkoso ya cinye mana yinin? Wasu abokan aikina sun ce in kai su gidan zoo kawai su ga zaki su yi murna a dawo. Ba na ƙin gidan zoo, amma kuɗin geron mutane ne, ina so ya sayo abin da zai zauna a kan yaran.

Tsohon Masaƙi, Dawakin Kudu:

Wa alaikumus salam Malam. Jikana ne ya karanta mini tambayarka, shi ne kuma yake rubuta wannan ina faɗa masa. Allah ya yi maka albarka, ɗana. Na yi shekara 19 a masaƙa a birni kafin in dawo gona, don haka zan yi maganar abin da na sani, in bar gidajen tarihi ga masu boko.

Tunda ta Gezawa za ku shigo, darasinka ya fara tun ba ku kai Yankaba ba. Tsakanin Gunduwawa da Tokarawa ka ce wa direbobi su sassauta. Dogayen katangun da za ku gani dama da hagu, da tireloli a layi a bakin ƙofa, kamfanoni ne: na casar shinkafa, na roba, na matsar mai. Ka ce wa yaran su karanta abin da ke kan buhunan. Shanshera ce daga Haɗeja da Auyo da Kura, wato daga irin gonakin iyayensu. Wannan kaɗai ya isa awa guda ana magana.

Amma ka fara musu daga gyaɗa, don ita ce uwar duk wani kamfani da ke Kano. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Turawa auduga suka sa rai za su ɗiba, manomanmu suka duba suka ga gyaɗa ta fi kawo kuɗi, kuma in ta ƙi sayuwa ana iya ci. Sai kowa ya koma gyaɗa. Attajirai irin su Alhassan Ɗantata suka baza yaransu ƙauyuka da sikeli. Da aka ja reshen dogo zuwa Nguru ta Ringim da Gagarawa da Malam Madori, ƙasarku ta shigo ciki sosai. Gyaɗa ta yi wa jirgi yawa, ba ya iya kwashewa a kan lokaci, shi ne ake jera buhuna a yi dala, a lulluɓe da tamfol. Dala ɗaya takan ci buhu wajen 15,000. Ina yaro na gan su da idona a nan Dawakin Kudu, na kuma ga na Ƙofar Mazugal ranar da mahaifina ya tafi da ni birni. 'Yan dako suna hawa da buhu a ka, ba tsani, buhunan da suka jera su ne matakalarsu. Har Malam Madori an yi dala, ka gaya wa yaran wannan, don su san ba na birni kaɗai ba ne. Farin da aka yi a farkon shekarun 1970 ya karya manoma, cutar gyaɗa ta 1975 ta zo ta ƙarasa, ga kuɗin fetur ya ɗauke hankalin gwamnati. Yanzu in ka je Ƙofar Mazugal suna ne ya rage, Filin Dalar Gyaɗa.

Kuɗin gyaɗar nan da na fata su suka gina Bompai, ita ce tsohuwar unguwar masana'antu. Daga baya aka yanka Sharaɗa kashi uku, aka yi Chalawa can wajen kogi. Ni na shiga aiki 1979, a sashen saƙa. Aiki kashi uku ne, na safe, na rana, na dare, inji ba ya kwana. In jiniya ta busa lokacin canjin aiki, titi ba ya biyuwa saboda kekuna. Masu tuwo da masu ƙosai da masu shayi a bakin ƙofa, su ma da mu suke ci, ƙarshen wata ake biyansu. Auduga tana zuwa a ɗaure daga gidajen gurza na Funtuwa da Gusau, ta shiga ta wannan ƙofa, a share ta, a kaɗa zare, a saƙa, a wanke, a buga zane, ta fita ta waccan ƙofa ta zama yadi. A ɗakinmu ba ka jin maganar na kusa da kai saboda ƙarar injina, da hannu muke magana. Zare ɗaya ya tsinke inji ya tsaya, ka ƙulla shi da yatsu biyu cikin ƙiftawar ido. Har yau yatsuna suna yin ƙullin nan in ina zaune ban sani ba. Da albashin nan na yi aure, na sayi shanun huɗa biyu, na kai mahaifiyata Makka.

Abin ya fara lalacewa bayan 1986, da aka karya darajar naira. Ƙaramin ƙarfe ya lalace a inji, sai an sayo daga waje da tsada. Wuta ta zama sai an ga dama, baƙin man da ake hura tukunyar tururi da shi ya yi wuya, ga atamfar waje ana shigo da ita ta kan iyaka a farashin da ko kuɗin zarenmu bai kai ba. Aka soke aikin dare, aka soke na rana. Ranar da aka sallame mu, an liƙa sunaye ne a jikin allo. Mutum ya zo da kwanon abincinsa, ya duba, ya juya. Ban ga wanda ya yi hayaniya ba. Yau ka shiga Kantin Kwari, kasuwar yadi da ake zuwa daga Nijar da Chadi da Kamaru, ka ɗaga atamfa ka duba bakinta ka ga inda aka yi ta. Wannan abin yana ci mini rai har gobe.

Kada dai ka ce wa yara Kano ta mutu, don ba ta mutu ba. Ana yin roba, bokiti da buta da silifa da tabarmar leda, ana yin alewa da biskit da sabulu da katifa, ana casar shinkafa, ana matsar mai. A Dakata ƙananan injina ne birjik, kowa da rumfarsa.

Maganar fata kuwa, manyan kamfanonin jima suna Chalawa da Sharaɗa da Bompai. Can ana zuba fata a manyan ganguna masu juyawa da sinadarai, ta fito shuɗi-shuɗi, a gyara a kai Italiya da Sifen. Ba na ba ka shawarar shiga da yara 34. Ba sa buɗe ƙofa sai da takarda tun da wuri, ga wari, ga sinadari a ƙasa, yaranmu kuma da silifa suke. Ruwan da ke fita daga irin wuraren nan ma wata magana ce, ka tambayi masu lambu a bakin kogin Chalawa da na Jakara. Ka kai su Majema ta wajen Ƙofar Wambai, inda ake jima irin ta kakanni. Za su ga an jiƙa fata a ruwan toka, an ɗora ta a kan itace an kankare gashi da wuƙa mai ƙota biyu, an tsoma ta a ruwan bagaruwa, an shanya, an shafa mai, an rina ta ja da karan dafi. Bagaruwar nan da awakinku ke ci a bakin rafi, ita ce maganin. Fatar jar akuya da aka jeme a haka ita ce fatake ke ketare sahara da ita, Turawa suka saya a hannun mutanen Maroko suka sa mata sunan Maroko. Ka sa yaron mahautan nan a gaba, a bar shi ya taɓa.

Malama daga Bichi:

Salam Malam, sannu da ƙoƙari. Baba, Allah ya ƙara lafiya, na karanta naka har sau biyu. Ni sau uku ina kai ɗalibaina mata birni, bari in faɗi abin da na koya, har da inda na yi kuskure.

In gidan tarihi ɗaya za ka iya, to Gidan Makama. Ginin kansa shi ne abin kallo na farko, tun ƙarni na 15 yake, an gina wa Muhammadu Rumfa lokacin yana Makama, kafin ya hau sarauta ya gina fadar da ake kira Gidan Rumfa. Ke nan sunan da kake rubutawa a allo, ga ɗakin da ya zauna. Ka sa su ɗaga kai su kalli rufin, azara da ɗaurin guga, ba ƙusa ba siminti, sannan ka tambaye su me ya sa ciki ke da sanyi alhali waje rana na ƙuna. Yaran ƙauye sun fi na birni gane wannan, don a ɗakin ƙasa suke kwana. Wata ɗalibata ta shafa bangon ta ce, "Malama, ashe irin ginin gidanmu ne Sarki ya zauna a ciki." Daga ranar ban sake jin ta raina gidansu ba.

Ɗakunan a jere suke kamar darasi. Akwai taswirar ganuwa da tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari masu ƙarfe, a nan za ka yi musu bayanin Sarki Gijimasu da ya fara ginin ganuwa wajen shekara 900 da suka wuce. Akwai kayan yaƙi, sulke da lifidi da kwalkwali da masu. Akwai ɓangaren jihadi da sarakunan Fulani, da Yaƙin Basasa na 1893 tsakanin Tukur da Yusufawa, da zuwan Turawa, da hotunan sarakuna. Akwai kayan kiɗa, kayan noma, kayan saƙa da ƙira. 'Yan matanka kuwa sai ka ja su da ƙyar daga ɗakin amarya, inda aka yi jere irin na da. Hotunan dalar gyaɗar da Baba ya faɗa ma za su gani. Ka ba wurin awa ɗaya da rabi, kada ka rage. Ka raba su gida biyu, don in suka taru a ɗaki ɗaya na baya ba sa jin mai bayani.

Daɗin abin, komai kusa yake. Ka fito Gidan Makama ga fada nan, ku tsaya ta Ƙofar Kudu su ga dogarai da jajayen riguna, ka gaya musu nan ne filin ke cika da dawaki ranar Hawan Daushe. Babban Masallacin Juma'a yana ɗaya gefen fadar, ginin da ke tsaye yanzu na zamanin Sarki Abdullahi Bayero ne, 1951. Ku yi azahar a can. Daga masallaci zuwa marinar Ƙofar Mata tafiyar ƙafa ce. Kasuwar Kurmi ma Rumfa ne ya kafa ta, amma lungunanta matsattsu ne, in za ka shiga da su a yi layi biyu-biyu, malami a gaba malami a baya, ku nufi wurin dukawa kai tsaye ku fito.

Kuskurena na farko, na tafi ranar Juma'a. Kada ka yi. Tun hantsi hanyoyin cikin gari ke fara toshewa. Na biyu, na bar Dutsen Dala sai bayan azahar, rana ta buɗe, yara biyu suka yi jiri a tsakiyar matakala, muka sauko ba mu kai sama ba. Dala da sassafe ake hawanta, da ruwa a hannun kowa. In kuka kai sama, birni gaba ɗaya yana ƙarƙashinku: ga Goron Dutse, ga hasumiyoyin masallaci, ga rufin Kurmi. A nan za ka ba su labarin Barbushe da Tsumburbura, da maƙeran da suka fara zama a gindin dutsen saboda tama, sannan ka kawo su zamanin Sarki Yaji da Wangarawa suka zo da Musulunci. Ka faɗi wannan da kyau, don yaro zai koma gida ya ba da labari, kada uba ya ji rabin zance ya ce ka kai masa ɗa wurin tsafi.

Gidan Ɗan Hausa yana Nasarawa, wajen ganuwa. Nan ne Hanns Vischer, Baturen da aka laƙaba wa Ɗan Hausa saboda jin harshen, ya zauna, kuma a Nasarawar ya buɗe makarantar boko ta farko ta gwamnati a Arewa a 1909. Malamai ya fara koyarwa, sannan 'ya'yan sarakuna, da ɓangaren sana'a. Hukumar tarihi da al'adu ta jiha ce ke riƙe da gidan. Mu malamai ya fi taɓa mu, gaskiya, don tushen aikinmu ne. In lokaci ya ƙure, shi zan ce ka bari.

Wanda ba na so ka bari shi ne Gidan Mumbayya a Gwammaja, gidan Malam Aminu Kano, ba nisa da Dala. Yana hannun Jami'ar Bayero yanzu. Ɗakunansa na nan, kabarinsa na nan, ya rasu 1983. Yara su ga ƙanƙantar ɗakin mutumin da aka sa wa filin jirgin sama sunansa, su ji cewa shi ma alli ya riƙe kafin siyasa, kuma saboda talakan ƙauye irin iyayensu ya yi ta faɗa. Minti talatin ya isa.

Ka rubuta takarda da hatimin makaranta ka aika kowane wuri mako biyu kafin ranar. Ka rubuta lambar wayarka a 'yar takarda ka sa a aljihun kowane yaro.

Jikan Marina, Kura:

Malama ta ambaci Ƙofar Mata a layi ɗaya ta wuce, ni kuwa a nan zan tsaya, don gidanmu rini muka gada.

Malam, in kun je, kada ka bari a yi muku abin da ake yi wa baƙi, a nuna rami, a ɗauki hoto, a miƙo riga a ce saya. Ka nemi dattijo a cikin marinan ka gaishe shi, ka ce yara ka kawo su ji yadda ake haɗa baba, wato ruwan rinin shuɗi. Za ka ga yadda fuskarsa za ta sake. Marinar tana nan tun 1498, dab da asibitin Murtala, kuma yadda ake yi a lokacin haka ake yi yau.

Ramin ya fi tsayin mutum biyu. Ba a shafe shi da siminti ba, da laso ne, laso kuwa katsi ne da gashin da majema suka kankare daga fata da ruwan dafara. Ka ga inda sana'ar fatar da Baba ya faɗa ta haɗu da tamu. A cika ramin da ruwa, a zuba toka, a zuba busasshen ganyen baba, a bar shi ya ruɓa, kullum ana motsawa da doguwar muciya har kumfa ta taso, warinsa ya canja. Marini da hanci da ido yake gane ya nuna. Wannan yana cin makonni. In ramin ya gaji, a kwashe laka ta ƙasa a dunƙula a shanya a ƙona, ita ce katsin da za a sake amfani da shi. Ba abin da ake zubarwa.

Abin da zai kama yaranka shi ne tsomawa. Ka sa su matso su zuba ido. Farin yadi zai shiga, in aka ɗago shi kore zai fito, suna kallo iska na bugunsa zai rikiɗe ya koma shuɗi. A sake tsomawa, a sake ɗagowa, haka har ya kai duhun da ake so. Ka tambaye su me ya canja launin, ka ga darasin kimiyya ya samu ba tare da allo ba. Zanen da ke jiki kuwa aikin mata ne a cikin gida, su ke ƙulla yadin da zare kafin a kawo, inda aka ƙulle baba ba ya shiga. Ka faɗa wa 'yan matan haka. Daga nan ku leƙa wurin 'yan bugu, mutum biyu ko uku zaune, yadi a kan gungume, suna sauke mabugi bi da bi kamar kiɗa har ya yi ƙyalli.

Amma zan faɗi wani abu, kada mutanen birni su ji haushi. Birni kasuwa ce, yawancin aikin a karkara aka yi shi. Karofi, wato marina, ya cika garuruwan Kano, namu na Kura shi ya yi suna da turkuɗi da rawanin da ake ce wa Ɗan Kura, wanda Buzaye ke saye su naɗa har shunin ya zauna musu a fuska. Har yau daga Agadas ana zuwa nema. Kakana ya rasu da hannu shuɗi har wuyan hannu, ko wankan gawa bai fitar da shi ba. Yanzu ramukan da ke aiki ba su kai waɗanda aka binne da shara ba, a Ƙofar Matan ma haka za ka gani, saboda rinin galura na kanti ya fi sauri da araha. Ka tambayi tsofaffin garinku, zai yi wuya a ce babu tsohuwar marina ko unguwar masaƙa a kusa da ku. In akwai, ka kai su can bayan kun dawo.

Ɗan Birnin Kudu:

Malam, ban ƙi ta mutanen Kano ba, amma yaran nan 'yan Jigawa ne. Tun 27 ga Agusta 1991 muke da jiharmu, babban birninsu Dutse ne. Sun san shi? Su hau Garu su ga tsohuwar fada a tsakiyar duwatsu, su ga gonakin dabino, su ga sakatariya da majalisa inda ake yanke abin da ya shafi makarantarsu, su ga jami'ar tarayya da aka buɗe 2011, ko wani ya sa rai. Daga can ku ƙaraso nan Birnin Kudu, a Dutsen Habude da Dutsen Mesa akwai zanen shanu a jikin dutse wanda mutanen zamanin da suka yi, tun ba a san takarda a ƙasar nan ba, da duwatsun da in ka buga suke amsawa kamar ƙararrawa. Gwamnatin tarayya ta sa su cikin kayan tarihin ƙasa, amma ɗan Jigawa sai ya girma bai ji labarinsu ba.

Masana'antu kam, gaskiya ba za mu haɗa kafaɗa da Kano ba, kuma abin da ke damuna ke nan. Riɗinmu da zoɓorodonmu sai sun je kasuwar Dawanau a Kano an tankaɗe an zuba a sabon buhu kafin su tafi waje, shanun Maigatari na ranar Alhamis su wuce kudu a tirela da fatarsu a jiki. In dai Kanon za ku, to ka biya da su Dawanau ko na minti ashirin ne, su ga inda buhun babansu ke sauka, su tambayi nawa ake sayar da shi a can.

Malamin Aji Shida, bayan Gujungu:

Jama'a, Allah ya saka da alheri. Baba, na karanta wa ajin naka jiya da safe, da na zo wurin liƙa sunaye a allo ba wanda ya motsa. Wata yarinya ta ce kakanta ma ya yi aikin kamfani a Bompai, na ce ta je ta tambayo shi me suke yi ta kawo mana ranar Litinin.

Ga yadda na tsara, a gyara mini in da kuskure. Ranar Laraba za mu je. Mu tashi bayan asuba, mu sassauta a Gunduwawa, mu wuce Dala kai tsaye tun da sanyi. Daga nan Gidan Mumbayya, sai Majema, sai Gidan Makama, azahar a babban masallaci, a ci abinci, mu ƙare da Ƙofar Mata mu kama hanya da la'asar. Gidan Ɗan Hausa da Kurmi da gidan zoo sai wani jiƙon. Dawanau ta yi mana baya da hanya, ɗan'uwana na Birnin Kudu ka yi haƙuri, amma maganarka ta shiga. Na gaya wa hedimasta 'yan aji biyar na bana Dutse za mu kai su baɗi in Allah ya kai mu, kuma zan neme ka.

Jikan Marina, na tambayi limaminmu, ya ce bayan tsohuwar kasuwa inda yara ke ƙwallo akwai ramuka a da, shi ya sa ake ce wa wurin Karofi. Shekara 11 ina wucewa ta nan.

Saura abu ɗaya. Mahaifin yaron nan, mahaucin, ya same ni daren jiya ya ce shekara 20 yana sayar da fata bai taɓa ganin inda take ƙarewa ba, in akwai wuri a mota zai biya kuɗin kujerarsa. Na ce akwai. Baba, in ka san wani a Majema da zai tarbe mu, ka sa jikanka ya turo mini saƙo ta akwatin sirri, in kira shi kafin Laraba.